Hasken Da Ke Giftawa A Sama Da Dare: Hukuncinsa Da Yadda Ake Gane Shi

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya ɗaukaka sama ba da ginshiƙi ba, ya ƙawata ta da taurari. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, duk wanda ya taɓa kwana a ƙauyukan da ke tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi ya san yadda sama take bayyana sarai idan dare ya yi tsaka, domin babu hasken lantarki mai yawa da zai dushe taurari. Da bazara mutane sukan shimfiɗa tabarma a tsakar gida saboda zafi, da kaka kuwa masu gadin amfanin gona da makiyaya sukan kwana a fili. Saboda haka mutanen karkara sun fi na birni ganin abubuwan da ke faruwa a sama. Wani lokaci sai a ga haske ya tsaga sama kamar an wurga bakin wuta, wani lokaci a ga gabas tana ƙyalli ba a ji tsawa ba, wani lokaci kuma a ga jerin fitilu suna tafiya a layi ɗaya babu ƙara.

Idan gari ya waye sai kowa ya kawo nasa bayani. Wani ya ce babban mutum ne zai rasu, wani ya ce aljannu ne suke ƙaura, wani kuma ya ce alama ce ta masifa. A wannan zamani da hare-haren 'yan bindiga suka tayar da hankalin jama'a a ƙananan hukumomi da dama na Jihar Katsina, maganar ta wuce hira, domin haske ɗaya da ba a gane kansa ba yana iya sa gari ya watse cikin dare, kamar yadda sakaci da haske na gaske yake iya jawo hasara. To, ya kamata Musulmi ya san abin da addininsa ya ce, ya kuma san yadda zai rarrabe abin da idonsa ya gani.

Abin da Annabi ya koyar

Imamu Muslim ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya yarda da su, cewa wata rana da dare waɗansu mutanen Madina suna zaune tare da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai wani tauraro ya gifta da haske. Sai ya tambaye su abin da suke faɗa a zamanin jahiliyya idan suka ga haka. Suka ce sukan ɗauka an haifi wani babba ne a daren, ko kuwa wani babba ya mutu. Sai ya bayyana musu cewa ba a jifa da shi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Ya kuma gaya musu cewa idan Allah ya hukunta wani al'amari, labarin yakan sauko tsakanin mala'iku daga sama zuwa sama, aljannu su yi ƙoƙarin satar ji, sai a jefe su. Abin da suka samu su kai wa bokaye, su kuwa su haɗa da ƙarya.

Mai karatu zai lura cewa maganar da ake yi a ƙauyuka yau ita ce dai wadda Larabawa suka yi tun kafin Musulunci, kuma Annabi da kansa ya soke ta. Haka ya yi ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu a shekara ta 10 bayan hijira, rana ta yi husufi, mutane suka ce saboda rasuwar yaron ne. Ga shi yana cikin baƙin ciki, ga kuma maganar tana nuna girmamawa ne ga gidansa, amma duk da haka ya tashi ya gyara musu, ya ce rana da wata ayoyi ne na Allah, ba su husufi don mutuwar kowa. Idan har sama ba ta yi alama don ɗan Annabi ba, to, ina ga hakimi ko attajiri?

A Hudaibiyya kuma, a shekara ta 6 bayan hijira, an yi ruwa da dare, da asuba ya gaya wa sahabbai cewa wanda ya jingina ruwan ga falalar Allah ya yi imani da Allah, wanda kuwa ya jingina shi ga wani tauraro ya kafirce wa Allah ya yi imani da tauraro. Imamu Malik ya kawo wannan a cikin Muwaɗɗa, littafin da ake karantawa a zaurukan malamai na ƙasar Hausa tun da daɗewa.

Abin da Alkur'ani da masu tafsiri suka ce

An ambaci wannan jifa a Suratul Mulk aya ta 5, da Suratul Hijr aya ta 16 zuwa ta 18, da Suratus Saffat aya ta 6 zuwa ta 10, da Suratul Jinn aya ta 8 da ta 9. Kalmar da aka yi amfani da ita ga abin da ake jifa da shi ita ce shihabi, watau harshen wuta mai haske. Ƙatada, ɗaya daga cikin manyan tabi'ai, ya ce an halicci taurari don abu uku: ado ga sama, jifa ga shaiɗanu, da alamun gane hanya, wanda ya nemi wata fassara bayan waɗannan ya yi kure, ya ɗora wa kansa abin da ba shi da saninsa. Imamu Buhari ya kawo wannan magana a cikin Sahihinsa.

Akwai wani abu da almajirai sukan tambaya: in taurari ne ake jifa da su, me ya sa ba su ƙarewa? Tafsirin Jalalaini, wanda ake jan baƙinsa a masallatai da azumi, ya amsa wannan a Suratul Mulk, inda ya bayyana cewa tauraron ba ya gushewa daga wurinsa, shihabi ne yake fita kamar yadda ake ɗosano wuta daga wuta. Ibn Kasir ma ya ce ba ainihin taurarin ake wurgowa ba. Ashe tun kafin na'urorin hangen nesa malaman tafsiri sun san cewa abin da ake cewa tauraro ya faɗo, ba tauraron ba ne da kansa. An kuma tambayi Imamu Zuhri ko ana wannan jifa a jahiliyya, ya ce ana yi, sai dai an tsananta ne bayan aiko Annabi.

Musulmi yana imani da jifan shaiɗanu kamar yadda ya zo, domin gaibu ne, ba a saninsa sai ta hanyar wahayi. Wannan imani kuwa bai hana shi sanin sababin da ido ke gani ba. Manomi ya san iska ce take koro girgije, girgije ke zubar da ruwa, kuma ya san Allah ne mai shayarwa. Sanin na farko bai rage masa na biyu ba.

Abin da bincike ya gano

Masana ilmin falaki sun tabbatar cewa sararin da duniya take ratsawa cike yake da ɓarɓashin duwatsu da ƙarfe. Galibinsu ba su wuce ƙwayar yashi ko ta gero ba. Idan ɗaya ya shigo iskar da ke lulluɓe da duniya, yakan zo da gudun kilomita 11 zuwa 72 a cikin sakan ɗaya, sai ya yi zafi ya ƙone a nisan kilomita 80 zuwa 120 daga ƙasa. Wannan ƙonewa ita ce hasken da ake gani. Nisan nan shi ya sa mutumin ƙauye zai rantse cewa abin ya faɗa bayan gonarsa, alhali kuwa a daidai lokacin wani a Kankiya ko Safana yana rantsuwa cewa a bayan tasa gonar ya faɗa.

Akwai darare da abin yake yawaita kowace shekara, domin duniya tana ratsa ƙurar da taurari masu wutsiya da makamantansu suka bari a hanyarsu. Mafi shahara su ne wajen 12 da 13 ga Agusta, da 17 da 18 ga Nuwamba, da 13 da 14 ga Disamba, da 3 da 4 ga Janairu. Na Agusta hadari yakan rufe shi a nan arewa, amma na Disamba ana ganinsa sosai in hazo bai yi yawa ba. Abin da ake iya faɗin ranarsa tun shekara ba ta kama ba, yaya za a ce saƙo ne game da mutuwar wane? Marubutan tarihi na Larabawa sun ambaci wani dare a shekara ta 289 bayan hijira, watau 902, da shihabai suka zubo kamar ruwa har aka kira shekarar da shekarar taurari. Irin wannan zuba ta sake aukuwa a Amurka a Nuwamban 1833, mutane suka ɗauka alkiyama ce ta zo, gari kuwa ya waye lafiya.

Idan dutsen babba ne, ba ya ƙonewa duka, saura yakan iso ƙasa. Babbar shaida a kan haka a ƙasar Katsina ta faru. Ran 3 ga Oktoba 1962, kusa da dutsen Zagami, a yankin Faskari, wani manomi yana cikin gonarsa sai ya ji wata ƙara mai tsanani, sa'an nan wani dutse ya faɗo kamar mita 3 daga inda yake, ya nutse cikin ƙasa. Da aka tono shi aka auna, nauyinsa kimanin kilo 18. Aka kai shi ofishin binciken ƙasa da ke Kaduna. Bayan shekaru, masana suka gwada iskar da ta maƙale a cikinsa da awon da kumbunan Viking suka yi a duniyar Mirrihu, wadda Turawa ke kira Mas, a 1976, sai suka ga sun dace. Watau dutsen nan ɓallowa ya yi daga wata duniya, ya yi ta yawo a sarari, har Allah ya ƙaddara saukarsa a gonar Bakatsine. A 1996 an liƙa ɗan ɓarɓashinsa a jikin wani kumbo da Amurka ta aika zuwa Mirrihu. Yau duk mai nazarin wannan fanni a duniya ya san sunan Zagami.

Ba shi kaɗai ba ne. Wani ya faɗo a Kabo ta ƙasar Kano a 1971, wani a Mayo Belwa a 1974, wani a Gujba a 1984, wani kuma a Kilabo kusa da Haɗejiya a 2002.

Yadda ake rarrabe haske da haske

Wanda ya ga haske, kafin ya buɗe baki, sai ya tambayi kansa abu huɗu: tsawon wane lokaci ya ɗauka, ta ina ya fito ina ya nufa, wane launi gare shi, kuma an ji ƙara ko ba a ji ba.

Na farko, in layi ne siriri da ya gifta ya ɓace kafin a ce wa na kusa duba, to shihabi ne, ba ya wuce sakan ɗaya ko biyu. In ya yi girma har ya haska ƙasa, ya ɗauki 'yan sakanni, wataƙila ya tarwatse, kana aka ji rugugi bayan minti ɗaya ko fiye, to babban dutse ne irin na Zagami. Rugugin yakan makara ne domin sauti yana tafiyar kilomita ɗaya a cikin sakan 3, haske kuwa nan take yake isowa. A garin Celiyabinsk na Rasha, ran 15 ga Fabrairu 2013, mutane sun ruga taga don kallon irin wannan haske, ƙarar ta zo daga baya ta farfasa gilasai, kimanin mutum 1,500 suka ji rauni.

Na biyu, in ƙyalli ne mai faɗi a gindin sama, yana yi yana ɗaukewa, musamman ta gabas daga ƙarshen bazara zuwa ƙarshen damina, to walƙiya ce ta hadari mai nisa. Ba a cika jin tsawa ba in ta wuce kilomita 20, amma ana hango walƙiya daga nisan fiye da kilomita 100 da dare. Suratur Ra'ad aya ta 12 ta ambaci walƙiya a matsayin abin tsoro da kwaɗayi, kuma manomi ya fi kowa sanin wannan kwaɗayi.

Na uku, in ɗigo ne fari mai tafiya a natse, ba ƙiftawa, ba ƙara, yana ɗaukar mintoci kafin ya ratsa sama, bayan magariba ko kafin asuba, to tauraron ɗan Adam ne. Ba shi da fitila, hasken rana ne yake dukansa a can sama, shi ya sa yakan ɓace kwatsam in ya shiga inuwar duniya, ko ya yi walwal in wani sashe nasa mai sheƙi ya juyo. Mafi haskensu ita ce tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, wadda ke nisan kilomita 400, tana kewaya duniya cikin minti 90 da ɗoriya kaɗan. In kuwa jere ne kamar carbi, to na kamfanin Starlink ne da ba a daɗe da harbawa ba. An fara harba su da yawa a Mayun 2019, kuma an fara amfani da intanet ɗinsu a Nijeriya a 2023.

Na huɗu, in akwai ja da kore da fari mai ƙiftawa a kai a kai, jirgin sama ne: ja a fiffiken hagu, kore a na dama. Wanda ya fuskanto mai kallo daga nesa da fitilar sauka a kunne yakan yi kamar yana tsaye wuri ɗaya.

Na biyar, in tauraro ne mai tsananin haske da ba ya motsi sai a hankali, a yamma bayan magariba ko a gabas kafin alfijir, to Zahra ce, wadda Hausawa ke kira Zara da yamma, Gamzaki da asuba. Tauraron Shi'ira kuma, wanda aka ambata a Suratun Najm, idan ya ɓullo a kudu maso gabas da hunturu yakan riƙa sauya launi kamar wuta, saboda motsin iskar da haskensa ke ratsowa.

Na shida, in tarin wuta ne mai tafiya a hankali yana gutsuttsurewa, ya kai rabin minti ko fiye, mai yiwuwa tarkacen roka ne yake komowa. A Mayun 2020 guntayen wata rokar ƙasar Sin sun faɗo a wani ƙauye a Kwaddibuwa. Irin wannan ƙarfe ba a taɓa shi, sai a sanar da hukuma.

Na bakwai, shi ne mafi bukatar lura: hasken da ke ƙasa-ƙasa, a tsakanin itatuwa ko bakin daji, yana tsalle kamar fitilar babur ko tocila, ko wanda ya tashi daga ƙasa ya nufi sama. Wannan aikin mutane ne. Yana iya zama mafarauci ko matafiyi ko jami'an tsaro, yana kuma iya zama wanda ake tsoro. Ba a kai shi wurin mai duba, ba a kuma yin shiru a kansa. A gaya wa mai unguwa da masu tsaron gari nan da nan, a faɗi daidai abin da aka gani, ba ragi ba ƙari.

Abin da ya wajaba a kan mai gani

Da farko ya ambaci Allah, ya yi tasbihi, domin ya ga aya daga ayoyinsa. Sa'an nan ya kame harshensa. Suratul Isra'i aya ta 36 ta hana bin abin da mutum ba shi da saninsa, Suratul Hujurat aya ta 6 ta yi umurni da bin diddigin labari, kuma ya zo a Sahihu Muslim cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji. Wanda ya ga tauraron ɗan Adam ya ɗauki waya ya shelanta cewa mahara sun iso, mata da tsofaffi suka bazama daji cikin duhu, wani ya karye, wata ta yi ɓari, to lalle yana da kaso a cikin alhakin. Gobe kuma in abin gaske ya zo ba wanda zai saurare shi. Faɗin cewa ban san ko mene ne ba ya fi ƙirƙiro bayani, kuma ba abin kunya ba ne, manyan malamai sun sha faɗar haka.

Kada kuma ya je wurin boka neman fassara. An ruwaito cewa wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi, ba za a karɓi sallarsa ba har kwana 40. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya tsananta gargaɗi a cikin Nurul Albabi game da masu da'awar sanin gaibu ta hanyar bugun ƙasa da taurari. Malamai sun raba ilmin taurari gida biyu. Akwai na lissafi, wanda ake gane alƙibla da lokutan salla da shigar damina da shi, kamar yadda tsofaffi ke lura da Kaza da 'Ya'yanta. Wannan halal ne, abin nema ne. Akwai kuma na hukunta sa'a da rashin sa'a, da arziki da mutuwa. Wannan shi ne haramtacce.

Wanda dutse ya faɗo a gonarsa, ya sani ba shi da albarka ko magani, ba a jiƙa shi a sha, ba a ɗaura shi a laya. Sayyidina Umar ya tsaya gaban Hajarul Aswad ya bayyana cewa dutse ne, ba ya cuta ba ya amfani, yana sumbantarsa ne don koyi da Annabi. To, ina ga wani dutse? Amma fa yana da daraja ta ilmi, har da ta kuɗi. Wani dutsen Mirrihu mai nauyin kusan kilo 25 da aka tsinta a yankin Agadas a 2023, an sayar da shi a birnin Niyok a Yulin 2025 a kan fiye da dala miliyan 5, har gwamnatin Nijar ta buɗe bincike kan yadda ya fita daga ƙasar. Saboda haka kada a farfasa shi, kada a wanke shi, kada kuma a yi gaggawar miƙa shi ga dillali. A rubuta rana da sa'a da wurin da ya faɗo, a sanar da dagaci, a nemi masana. Ga Jami'ar Tarayya nan a Dutsin-Ma tun 2011, ba sai an yi doguwar tafiya ba.

Ga limamai da malaman makarantun allo da na Islamiyya kuma akwai aiki. Daren 13 ga Disamba, in sama ta washe kuma akwai kwanciyar hankali, malami ya zauna da almajiransa a tsakar gida bayan lisha, ya gaya musu tun da wuri cewa yau za su ga shihabai, sa'an nan ya karanta musu Suratul Mulk da hadisin ɗan Abbas. Yaron da ya ga haka da idonsa, da wuya wani boka ya ci kuɗinsa da labarin tauraro idan ya girma.

Allah ya ƙara wa jama'ar Musulmi sani mai amfani, ya kawo zaman lafiya a ƙasar Katsina da sauran ƙasashe, ya sa dare ya zama hutu ga bayinsa. Amin.